Gaba Goma Sha Biyar

Akwai labarin da kuke bayarwa a kaina duk Sallah, in kun ci kun ƙoshi kun baje a tsakar gida, kuna tsammani kunnena ya mutu. Wai Inna ta tafi har ƙasar Sin sarin takalman Sallah, ta manta da takalman, ta dawo da tsohon ƙarfe a jaka. Ina jin ku. Kunne ɗaya ne ya yi nauyi, ɗayan lafiyarsa ƙalau. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ban taɓa tanka muku ba. Amma yanzu jikoki sun ɗauka, ranar nan har 'yar wajen Bilki na ji tana faɗa wa ƙawarta wai ɓacewa na yi a Sin kwana uku, sai da aka yi cigiya. Ban ɓace ba. Na san inda nake sarai, na kuma san abin da ya zaunar da ni. Tunda Allah ya sa na iya riƙe biro kafin in mutu, bari in ajiye muku yadda aka yi.

Kun dai san mu mutanen ruwa ne, daga Yawuri. Na iya iyo tun ban iya ɗaukar tulu ba. Aure ne ya kawo ni Kano, rasuwar babanku ta kai ni kasuwa sayar da takalma, haushin ana karanta mini takardar kayana kuma ya kai ni ajin yaƙi da jahilci wajen Malama Asabe, ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zama a benci da sa'o'in 'yata. Ƙanena Bawa, Kawunku, shi bai bar ruwa ba. Daga su ya koma nutso. In kwalekwale mai inji ya nutse shi ake kira ya ɗauro injin, in itatuwa sun toshe ƙofofin madatsar ruwa shi ke sauka ya ɗaure su a ja. Yana goya tukunyar iska a baya, mesa ta zagayo, a ƙarshenta akwai abin da yake cusawa a baki. Sunan abin regileta, irin sunan na tukunyar gas, amma su a bakin ruwa nono suke ce mata, don tsotsa ake yi. Iskar da ke cikin tukunyar a matse take, in ta shiga ƙirjin mutum kai tsaye sai ta fasa shi. Regileta ce ke lallashinta, ta ba ka cikin baki ɗaya in ka ja, ta tsaya in ka tsaya. Ran mutum kenan a cikin abin da bai fi kofin shayi ba.

Tasa a Ikko ya saye ta, wajen masu farfasa tsofaffin jiragen ruwa. A shekarar da nake ba ku labari, saura kwana tara in yi tafiyata ta farko zuwa Sin, sai ga shi ya zo Kano da matarsa Hajara, tana da cikin fari. Idanunsa jajawur kamar an zuba barkono. Na tambaye shi, ya ce rana ce. Hajara ta aje kofin ruwa da ƙarfi.

"Yaya, ki tambaye shi wace rana ce ke fitowa a ƙarƙashin ruwa."

"Ba wani abu ba ne," in ji Bawa. "Regiletar ce ta yi ɗan tauri."

"Ɗan tauri? Da igiya aka jawo shi kamar giwan ruwa, jini ta hanci. Ya ce yana ja tana ƙi."

Na ce masa ya bar aikin. Ya ce ya bari ya yi me, ya sayar da takalma? Na ce me takalma suka yi maka, da su aka yi maka lefe. Muka yi ta yi har Hajara ta fara dariya tana share hawaye. Na san Bawa. Ranar da aka kira shi zai sauka, ko da tsumma ne a bakinsa. Don haka na ce ya ba ni tsohuwar in tafi da ita, in samo masa wata a Sin. Na ɗauko littafina na makaranta, ina ji da kaina, na tambaye shi zurfin da yake kaiwa. Ya ce a gindin ƙofar madatsa gaba goma sha biyar ne. Na rubuta, harafi bayan harafi, harshena a waje. Amma a lokacin wata goma sha takwas kacal na yi ina boko, ban gama yarda da takarda ba. Na sa ya miƙe ya buɗe hannuwansa biyu, na tsinko igiyar shanya na auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, na yanke, na ƙulle a bakin zane. Haka babanmu yake auna ruwa. Bawa kuwa dogo ne, hannuwansa kamar na gora.

"Wane gari kika ce za ki?"

"Guangzhou."

"Gwanjo? To Yaya, don Allah kar ki sayo mini gwanjo a Gwanjo. Sabuwa nake so, mai ƙyalli."

Da Hajiya Ladi muka tafi, maƙwabciyata a kasuwa, wadda ta riga ni zuwa sau biyu, take kuma tafiya kamar ita ta gina garin. Muka sauka Honkon, muka shiga jirgin ƙasa. A kowace ƙofar bincike sai an zaro tsohuwar regiletar Bawa daga jakata, a juya ta, a kira wani ya zo ya juya. Ni kuma in cusa ta a baki in kumbura kumatu in yi iyo da hannu, su yi dariya su sake ni. Masaukinmu a unguwar Xiaobei yake, mu Shawbe muke cewa. Ba irin Shawben da kuke ji yanzu ba, da aka ce ko'ina Hausa ke tashi. A lokacin in ka ga baƙar fata daga nesa sai ka tsallaka titi ka gaishe shi. Akwai wasu Musulmin ƙasar masu farar hula da ke jan taliya da hannu, wajensu muke ci safe da rana, matar mai shagon kullum sai ta kama hannuna ta murza lallena ta ga ko zai goge. Hajiya Ladi ta koya mini kalma huɗu ta ce sun ishe ni: nihawo ita ce sannu, sheshe na gode, lawban maigida ko uwargidan shago, meyo kuma babu. Ranar Lahadi muka zaga titin Janshi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda takalma suke hawa bisa hawa har mutum ya ji jiri. Mai ɗora mana kaya a jirgin ruwa ya ce ranar Alhamis yake rufe kwantena, wanda bai kawo ba ya jira jirgi na gaba, jirgi na gaba kuwa sai bayan Sallah zai isa. Takalmi kuma ba a aika wani ya zaɓa maka. Sai ka tsaya an buɗe kwali ɗaya-ɗaya, in ba haka ba ka isa Kano da ƙafar hagu zalla. Na ce safiyar Litinin ta Bawa ce, sauran kwanakin na takalma.

Tafintanmu Malam Issufu ne, mutumin Maraɗi. Karatu ya kawo shi, ya gama ya zauna. Yana jin yarensu kamar a nan aka yanke masa cibiya, yana jin Faransanci, yana sa kwat a cikin zafin da ko kare ba ya fita. Mutumin kirki ne ƙwarai, Allah ya saka masa, amma ya san ya yi karatu. Shi ya kai ni wani shagon kayan wasanni a hawa na uku, wajen wata mata mai gajeren gashi. Ta kalli tsohuwar regiletar ta toshe hanci, ta ɗauko sabuwa a kwali, shuɗiya, tana ƙyalli irin yadda Bawa ke so. Na buɗe littafina na karanta wa Malam Issufu zurfin, ya rubuta a takarda ya tura mata. Ta duba ta ce me wanti, me wanti. Ya ce mini ma'anarsa babu matsala. Har ta fara sa kwalin a leda. Ni kuma saurin abin ne bai yi mini ba, ko tumatir na fi daɗewa a kansa. Na jawo takardar. Ɗaya da biyar na gane su. Kusa da su akwai wani harafi.

"Malam Issufu, wannan mai ƙafa ukun fa?"

"Metir ne, Hajiya."

"Ni gaba na ce. Gaba da ga take farawa. Ina ga ɗin?"

"Ai duk guda ne. Abin da Bahaushe ka ce ma gaba, shi Nasara ka ce ma metir."

"Nuna mini gabarka in gani."

Ya ɗora yatsa a kan hancinsa, ya miƙa hannu ɗaya gefe, irin na masu auna yadi.

"Allah sarki," na ce. "Ba laifinka ba ne. Mutumin da gulbin garinsu ke ƙafewa da rani har a buga ƙwallo a ciki, ina zai san gaba?"

"Hajiya, shekara bakwai ina karatun injiniya."

"To injiniya, riƙe nan."

Na kwance bakin zanena a tsakiyar shagon mutane, na zaro igiyar shanya. Ya riƙe baki ɗaya, na ja ɗayan, sai da na ja da baya har na ture wani keke. Lawban ta ɗauko tef ta auna, mita biyu saura kaɗan. Ta danna kalkuleta ta juyo mana da ita. Ban jira an karanta mini ba. Ashirin da takwas, da ɗigo, da biyar. Kusan ninki biyu na abin da ke takardar. Malam Issufu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Matar kuwa sai ta zare kwalin daga leda, ta mayar da shi can bayanta inda hannuna ba zai kai ba, ta ce meyo. Ta yi magana mai tsawo. Ya fassara mini murya ƙasa-ƙasa: wannan ta masu yawon shaƙatawa ce, masu leƙa kifi a bakin teku inda ana hango rana, ita ba za ta sayar wa mai aiki a wannan zurfin ba. Na sha ganin 'yan kasuwa a rayuwata, har da ni kaina, kaɗan ne na gani sun mayar da ciniki baya da hannunsu. Ta rubuta mana sunan wani wuri a bakin tashar jiragen ruwa, ta ce akwai wani tsoho da ke gyara wa masu nutson tashar kayansu.

Hajiya Ladi tana jiranmu a ƙasa da lema.

"Kulu, takalma muka zo saye. Rana tana yi."

"Ki yi gaba, zan same ki da azahar."

"Azahar ta wace rana?"

Ashe bakinta da gaskiya. Tafiyar bas ta fi awa. Tun kafin mu sauka na ji warin kogi, laka da kifi da man inji, sai na ji kamar zan hango rumfar babanmu. Shagon tsohon rami ne kawai tsakanin wasu shaguna biyu, tukwanen iska a jere a bango kamar tulunan gidan biki. Shi kansa gajere ne, ƙirji kamar turmi, kai fari fat, kunne ɗaya ba ya ji, irin nawa na yanzu. Kowa Shifu yake ce masa, wato gwani. Malam Issufu ya fara dogon bayani da lambobi, tsohon yana ta goge wani ƙarfe bai ko ɗago ba. Na gaji. Na zaro igiyata na miƙe ta a gabansa, na buɗe hannuwana biyu iyakar iyawata, na nuna ƙasa, na ƙirga masa goma sha biyar da yatsu. Ya aje ƙarfen. Ya miƙe tsaye ya buɗe nasa hannuwan, muka tsaya muna fuskantar juna kamar zakaru biyu. Ya yi wata dariya ya ce, "Tuwo!"

Na juya wajen Malam Issufu. "Ka ce masa na gode, na karya."

Malam Issufu ya tambaye shi, ya sake tambaya, tsohon ya zana masa wani rubutu a kan tebur da yatsa. Ashe sunan gaba kenan a bakin masuntansu, tuwo ko wani abu mai kama da haka. Da shi suke auna igiya da zurfin ruwa, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, kamar Yawuri. Injiniya ya ce duk shekarunsa a ƙasar bai taɓa jin kalmar ba. Kallonsa kawai na yi, na daɗe ina yi.

Daga nan tsohon ya ɗauke ni mutum. Ya karɓi tsohuwar regiletar Bawa ya buɗe, ya ga tsatsa da wani ɗaurin roba da Kawunku ya yanko daga tayar keke, ya dafe kai. Ya ɗaura ta a tukunyar da iskarta ta kusa ƙarewa, ya liƙa wani ɗan agogo mai allura ɗaya a jikin mesa. Ya ce, ta bakin Malam Issufu, ruwa nauyi gare shi. A tuwo goma sha biyar, numfashi ɗaya na mutum yana cin iska kusan ninki huɗu na wanda yake ci a tudu. Abin da ya ishe ka a sama ba ya isarka a ƙasa, balle kana jan itace, balle iskar tukunya ta yi ƙasa. Ya cusa mini abin a baki, ya ce in yi gudu a tsaye ina ja da ƙarfi. Ku hango uwarku da mayafi da zane biyu, tana sassarfa a wuri ɗaya a bakin tashar jiragen Sin, 'yan dako sun taru a ƙofa. Ina ja, shi kuma yana danna wani maɓalli da ke ƙara zubar da iskar, don ya kwatanta mini ƙasan ruwa. Allurar ta faɗi, ta ƙi tashi. Na ja, na ji kamar ina tsotsar fura mai kauri ta tsinken ciyawa. Na sake ja, babu. Dariyar da nake yi ta tsaya. Ni ina iya tofar da ita in shaƙi iskar Allah. Bawa a cikin duhu yake, gaba goma sha biyar na ruwa a kansa.

Sai ya ɗauko wata daga cikin akwati. Tsohuwa ce, duk ta kakkarce, fentin ya tafi, nauyi kamar dutsen guga. Ta wani mai nutso ce da ya bar aiki. Ya ɗaura ta a wannan tukunyar dai, na sake gudu. Allurar ta ɗan sunkuya in na ja, ta dawo ta tsaya tsakanin tara da goma kamar an kafa ta da ƙusa. Iska tana zuwa kafin in gama nema. Na ja har na ciji robar bakin, shaidar haƙorana tana nan har yau. Na ce ita nake so. Na tuna da Bawa da gwanjonsa, na ce ya yi ta kansa.

Tsohon ya girgiza kai ya ce meyo.

Na ɗauka ciniki ne, na gyara tsayuwa. Ashe ba shi ba ne. Ya ce wannan abin duk shekara sai an buɗe shi, an wanke, an sake robobin ciki, an gwada da agogo. Wa zai yi a ƙasarmu? Na ce babu. Ya ce to bayan shekara biyu za ta zama irin wadda na kawo, ta kashe mutum, kuma da hannunsa. Ya mayar da ita akwati ya rufe.

"Ka ce masa ya koya mini."

"Hajiya, aikin makanikai ne."

"Na kwance keken ɗinki na mayar. Na haifi shida. Faɗa masa."

"Ya ce kwana uku, in kina da kai. Hajiya, kwana uku Alhamis kenan. Kwantena."

Na san Alhamis ce, ba sai an faɗa mini ba. Na tsaya ina kallon akwatin. Na hango rumfata ranar jajibiri babu sabon kaya, na hango matan Gusau da ke saye a hannuna sun wuce rumfar gaba. Na hango Hajara da cikinta. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi jinkiri ba, na yi, kamar na tsawon alwala. Sannan na cire mayafi na ɗaure a ƙugu.

Malam Issufu yana da wasu baƙin, ranar farko kawai ya zauna. Ya rubuta mini lambar bas a littafina, sauran kwanakin ni kaɗai nake zuwa ina dawowa, ina karanta lambar a goshin mota da kaina. Abin da kuke kira ɓacewa kenan. Ni da Shifu ba mu da yare sai hannu da lamba, lambobin Malama Asabe kuwa su ne dai a Sin, ba su canza kama ba. Ya shimfiɗa farin tire, ya kwance regiletar ya jera kayan cikinta daga hagu zuwa dama, ni kuma ina zana kowanne a littafi ina ba shi lamba. Ya haɗa, na kalla. Ya wargaza ya cakuɗa, ya tura mini. Akwai wasu 'yan robobi kamar zoben jariri, in ka sa wani a gurbin wani sai allura ta fara rarrafe ta wuce goma. Da na yi kuskuren sai ya daki tebur. Ranar ta biyu ya daka, ni ma na daka, tire ya yi tsalle, muka bi robobi a ƙasa da rarrafe muna zagin juna kowa da yarensa. Na tambaye shi da hannu ko man gyaɗa zai yi in ɗan man da yake shafawa ya ƙare. Saura kaɗan ya suma. Ya zana kwalba ya soke ta sau uku. In azahar ta yi sai ya kashe rediyonsa ya shimfiɗa mini kwali a lungu, bai taɓa tambayata me nake yi ba. Ya ga ba na cin namansa, sai ya koma dafa mini gyaɗa da shayi marar sukari. Ranar Laraba da la'asar na haɗa ta sau uku a jere ba tare da ya taɓa ba, allura ta tsaya cak. Ya sa ta a bakinsa ya ja, ya lumshe ido. Ranar Alhamis ya sake sa ni, don ya tabbata ba sa'a ba ce. Sannan ya ƙulle mini robobi na shekaru a leda, da man, da ɗan agogon, da mabuɗai biyu. Na ce sheshe, lawban. Ya ce a'a, ya nuna ni, ya ce Shifu. 'Yan dako suka yi tafi.

Na tarar da Hajiya Ladi a zaune kan gado tana cin lemo.

"Na roƙi mai kwantena ya jira ki. Kin san abin da ya ce?"

"Meyo."

"Ashe kin iya yare. Mu gani, abin da ya fi Sallah." Na buɗe mata. Ta juya shi da yatsa biyu. "Kulu, wannan ai a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Ƙofar Ruwa ma sai a ba ki kyauta."

Takalmana suka biyo jirgi na gaba, suka iso Kano sati uku bayan Sallah. A kasuwa aka sa mini suna mai takalman baɗi, sai da ya bi ni shekara biyar. Matan Gusau ba su dawo ba. Ku kuma da tsofaffin kaya kuka yi Sallar nan, kai Sabo ka ƙi fita idi, ka shige bayan randa kana kuka. Ban manta ba, ban kuma ce ba a yi ba. Wannan shi ne rabin da kuke da gaskiya.

Da kaina na kai wa Bawa. Ya buɗe jakar a gaban abokan aikinsa, fuskarsa ta zube.

"Yaya! Me na ce miki? Gwanjo!"

"Gwanjo ce. Ɗauko tukunyarka."

"Har da cizon wani a jiki."

"Nawa ne. Mun sha nono ɗaya a baya, ba ka mutu ba."

Na ɗaura masa da hannuna, na liƙa agogo, na nuna masa allura. Da za su tafi aiki madatsa, na ce zan shiga kwalekwalen. Suka ce mace ba ta zuwa gindin ƙofa, na ce ni 'yar wanda ya koya wa ubanninku jefa birgin kamun kifi ce, su matsa. Ni na riƙe igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Akwai ƙulli a kowace gaba. Ya sauka, ƙullin yana wucewa ta tafin hannuna, ina ƙirgawa da ƙarfi kamar a ajin Malama Asabe. A goma na daina jin surutun mutane. A goma sha biyar igiya ta tsaya. Ba abin da nake gani sai kumfa tana fashewa a kan ruwa, sai na koma ƙirga ta. Ta zo, ta tsaya, ta zo, ta tsaya, daidai kamar numfashin yaro mai barci. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba. Ya taho a hankali yadda ake tahowa, ya kama gefen kwalekwale, ya tofar da abin.

"Yaya, kamar ina zaune a tsakar gida."

"Da ma."

"Sai dai muni."

"Kifaye ba su yi ƙorafi ba. Hau."

Shekara goma sha huɗu ya yi da ita. Duk shekara kafin ruwan fari yakan kawo ta Kano, in shimfiɗa farin tire, in buɗe littafina. Kun tuna ranar da ake korarku daga ɗaki, a ce wanda ya taɓa tire zai sha bulala? To ba tsafi nake yi ba. Ɗiyar da Hajara ta haifa a shekarar nan ita ce Kulu ƙarama, takwarata, wadda ta fi kowa dariya in ana ba da labarin. Bayanta an yi shida. Labarin tsohon ƙarfen kuwa, in ba ku sani ba, Kawunku ne da kansa ya ƙago shi, shi yake ƙara masa gishiri duk shekara yana shafa tumbi.

Igiyar shanyar tana nan a adakata. Da ya zo Sallar bara na ɗauko ta, na ce ya miƙe ya buɗe hannu. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Na auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, sai ga ragowar igiya tana lilo, ta kusa ɗani guda.

"Ka tsufa, Bawa. Gabarka ta ragu."

Ya kalli igiyar, ya kalle ni.

"Igiyar ce ta miƙe, Yaya."